Yadda Ake Bin Diddigin Jirgin Ja Kafin A Saye Shi A Kawo Ruwan Yauri

Jirgin ja shi ne ɗan guntun jirgin ƙarfen nan mai ƙaton inji, wanda ba ya ɗaukar kaya a cikinsa. Aikinsa ya ja ko ya tura baji, wato faffaɗan jirgin dako marar inji da ake loda wa yashi, tsakuwa, buhunan shinkafa da albasa, ko motoci a mashiga. Kusan duk wanda za ka gani a ruwan Kebbi baƙo ne, kuma akwai dalili. Zamanin da kamfanoni irin su John Holt da UAC ke hawa Kwara da jiragensu daga Burutu da Warri, iyakarsu Baro ko Jebba, domin duwatsun Busa sun tare hanya. A Busa ne ma Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yauri. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye duwatsun, tafki ya miƙo har gindin Yelwa, sai dai ganuwar madatsa ta maye gurbinsu, daga baya ta Jebba ta ƙaru a kai. Saboda haka jirgin ja da za ka saya domin aiki a nan, galibi ya riga ya ci shekara ashirin ko talatin a Legas, Warri, Fatakwal ko Onitsha, ya bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, ƙila ma an sauya masa suna sau biyu.

Abin da ake nema a binciken abu ɗaya ne: ƙarfen jirgin da takardunsa su faɗi magana ɗaya, daga ranar da aka ƙera shi har zuwa hannun wanda ke tsaye gabanka yana cewa nasa ne. Inda suka saɓa, nan ne za a tsaya a tona.

Fara da ƙarfe

Kada ka karanta takarda kafin ka ga jirgin. Wanda ya fara da takarda, idonsa abin da ya karanta zai riƙa nema. Je da littafi da biro, tocila, burushin waya, alli, da wayar ɗaukar hoto.

Ka isa da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan jikin jirgi a karkace. Duba goshinsa hagu da dama, sannan bayansa. Maƙera da yawa sukan zana sunan jirgi na farko da ɗigon walda kafin a shafa fenti, kuma ko an goge da garanda an yi fenti sau goma, inuwar haruffan takan fito a irin wannan haske. In ka ga alama, goga alli a kwance a kan wurin, tsohon suna zai bayyana. A baya, ƙarƙashin suna, akan rubuta tashar da aka fara yi masa rajista. Rubuta duk abin da ka gani, har harafin da ba ka tabbatar ba.

Daga nan sai farantin maƙera. Ɗan faranti ne na tagulla ko farin ƙarfe, yawanci a ɗakin matuƙi ko a bangon ɗakin inji, ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera, shekara, da lambar ƙira. Lambar nan ita ce takardar haihuwar jirgi. In kamfanin yana raye, kamar Damen na ƙasar Holan da jiragensa suka yi yawa a ruwan Najeriya, ana iya aika masa da lambar a nemi ya faɗi wanda ya fara saye da irin injin da aka saka. In farantin ba ya nan amma ga ramukan kusoshi huɗu a inda yake a da, tambayi dalili. Wani lokaci ɓarayin tagulla ne suka ɓalle, wani lokaci kuwa da gangan aka cire.

Manyan jirage suna da lambar IMO, wato ta hukumar kula da sufurin teku ta duniya, mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa ko an sauya suna, tuta ko mai shi. An wajabta ta tun 1996 ga jiragen da ba na fasinja ba masu girman tan 300 zuwa sama da ke fita ƙasashen waje, don haka ƙaramin jirgin kogi zai iya rasa ta, ba laifi ba ne. Amma in an ba ka lamba, gwada ta nan take. Ninka alƙaluma shida na farko da 7, 6, 5, 4, 3, 2 a jere, ka tara. Alƙalamin ƙarshe na jimlar dole ya zo daidai da na bakwai. A lamba 9074729, za ka sami 63, 0, 35, 16, 21 da 4, jimla 139, ƙarshenta 9, ta yi daidai. Lambar da ta faɗi wannan gwaji ko dai an yi kuskuren kwafa ko ƙirƙirarta aka yi. Wadda ta ci, sai a saka ta a shafin Equasis na intanet, kyauta ne bayan ka buɗe asusu, zai nuna tsofaffin sunaye, tutoci da kamfanonin da suka riƙe jirgin.

Sauka ɗakin inji. Kowane inji, ko Caterpillar ne, ko Cummins, ko tsohon Detroit Diesel, yana da lambarsa a faranti, da yawa kuma an buga ta a jikin bulok. Kwafi duka biyun, domin faranti ana iya ciro shi daga wani inji a manna. Haka giyabos, irin su Twin Disc ko ZF, da janareta. Ba abin mamaki ba ne a tarar an canza inji a jirgi mai shekara talatin. Abin tambaya shi ne rasit ɗin sabon injin, domin inji kaɗai kan kai rabin darajar ƙaramin jirgi, kuma yakan zamo na haya ko na bashin da ba a gama biya ba.

Agogon awa da ke jikin inji kada ka yarda da shi shi kaɗai, sauya shi ba ya ɗaukar rabin sa'a. Auna shi da littafin mai. Injin dizal yana shan kusan lita 0.2 ga kowane ƙarfin doki a awa ɗaya in an taka shi sosai, wato inji mai doki 400 zai sha lita 75 zuwa 80, a aikin yau da kullum kuwa wajen 45 zuwa 50. In littafi ya nuna an zuba lita 90,000 a shekara biyu amma agogo ya ƙaru da awa 600 kacal, ɗayansu ƙarya yake yi.

Sarƙar takardu

Yanzu ka zauna da fayil. Ɗauki farar takarda ka raba ta gida biyar a tsaye: shekara, sunan jirgi, mai shi, inda ya yi aiki, takardar da ta tabbatar. Cika ta daga sama zuwa ƙasa. Layin farko takardar shaidar ƙira ce daga maƙera. Kowane layi bayan nan yana buƙatar takardar sayarwa, inda mai sayarwa na yau shi ne mai saye na jiya, suna da suna, ba kama ba. Wanda ya saya da sunan kamfani ba zai sayar da sunan kansa ba, ko da shi kaɗai ne mai kamfanin. Sai an ga takardar amincewar daraktoci, an kuma duba a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cewa kamfanin yana nan, kuma masu sa hannun su ne daraktocinsa.

Jirgin da ya shigo daga waje yana buƙatar ƙarin abu biyu. Na farko takardar da ke nuna an soke rajistarsa a ƙasar da ya baro, domin jirgi ba ya riƙe tuta biyu. Na biyu takardun kwastan da ke nuna an biya haraji. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Kamfanonin kwangila sukan shigo da jirgi da izinin wucin gadi, su gama aiki su bar shi, wani ya sayar. Irin wannan jirgi a idon kwastan bai shigo ba tukuna, kuma ranar da aka gano, wanda aka tarar da shi a hannunsa shi zai amsa.

Hukumomi biyu ne ke da ruwa da tsaki. NIMASA ce ke riƙe da ofishin rajistar jiragen ruwa na ƙasa a Legas, ƙarƙashin dokar jiragen kasuwanci ta 2007. In jirgin yana da rajista a can, sa lauya ya nemo kwafin abin da ke cikin kundin da kansa, kada ka karɓa daga hannun mai sayarwa. Kwafin zai nuna mai shi a hukumance da duk jinginar da aka rubuta a kansa. NIWA kuwa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta a Lokoja, ita ke ba da izinin aiki da duba lafiyar jirage a koguna da tafkuna, kuma tana da ofishin yanki a Yauri. Izinin NIWA yana nuna an yarda jirgi ya yi aiki, ba hujjar mallaka ba ce. Mai haya ma yana iya riƙe shi. Wanda ya miƙo maka shi kaɗai ya ce ai ga takarda, bai ba ka komai ba tukuna.

Akwai kuma dokar sufurin cikin gida ta 2003, wadda ta keɓe aikin ja a ruwan Najeriya ga jiragen da 'yan ƙasa suka mallaka gaba ɗaya, sai in minista ya ba da rangwame. In za ku haɗa jari da ɗan'uwa daga Gaya ta Nijar ko Malanbil ta Benin, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen Lolo da Dole Kaina, a sa lauya ya duba wannan tun kafin a rubuta sunansa cikin masu jirgi.

Bashin da ke bin jirgi

Wannan shi ne wurin da cinikin jirgi ya bambanta da na mota, kuma shi ya fi cin mutane. A dokar shari'ar ruwa ta 1991 akwai basussuka da ke manne wa jirgin kansa, ba mai shi ba: albashin matuƙi da ma'aikata, ladan wanda ya ceto jirgin daga hatsari, diyyar ɓarnar da jirgin ya yi wa wani jirgi ko kadara, da kuɗin da matuƙi ya kashe daga aljihunsa don jirgin. Ba a rubuta su a kowane kundi, kuma suna bin jirgi zuwa hannun sabon mai shi ko bai san da su ba. Mai bin bashi zai je Babbar Kotun Tarayya, ya samo umarnin tsare jirgin, a ɗaure shi a bakin ruwa kana kallo.

Tunda babu kundi, bakin mutane ne kundin. Nemi tsohon matuƙi da injiniyan jirgin, ku zauna ba a gaban mai sayarwa ba. Bayan gaisuwa ka tambaya kai tsaye: "Baba, tsakani da Allah, akwai haƙƙinku da ya rage a kan jirgin nan? Ya taɓa buge wani ko ya nutse?" Mutumin da ya shekara goma a ɗakin inji ya san abin da fayil bai sani ba. Tambayi mai sayar da man gas a tashar, da mai walda, da masu wurin da aka ɗaure jirgin, domin kuɗin ajiya na shekara uku ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba za su bari a kwance igiya ba sai an biya. In an sami bashin albashi, a cire daga kuɗin ciniki a biya su hannu da hannu, kowa ya sa hannu cewa ya karɓa. Lauya kuma ya duba rajistar kotun tarayya ta garin da jirgin ya yi aiki, da rajistar kayan jingina da Babban Banki ya buɗe a 2016, inda akan rubuta inji ko ƙaramin jirgin da aka ci bashi da shi.

Jirgin gado sai an yi haƙuri. Babban ɗa ba shi da ikon sayarwa don kawai makulli na hannunsa. A ga takardar kotun da ta raba gado ko ta naɗa mai kula da dukiya, magada su sa hannu har da mata, marayu kuma ta hannun wasiyyinsu. Wannan kariya ce gare ka a kotu, kuma kariya ce daga cin haƙƙin maraya. Na gwanjon gwamnati kuwa, a ga takardar amincewa da gwanjon, lambar jirgin a cikin jerin kayan, da rasit ɗin biyan kuɗi a asusun gwamnati. Mafi tsafta duka shi ne wanda kotun tarayya ta sayar da kanta, domin wannan sayarwa tana wanke duk tsofaffin basussuka.

Abin da tarihin ke faɗa game da jikinsa

Sanin inda jirgi ya yi aiki yana gaya maka inda za ka duba. Wanda ya zauna a ruwan gishiri, a fito da shi tudu, safiyon jirage, wato gwanin duba lafiyarsu, ya auna kaurin ƙarfe da na'urar sauti. Ƙananan jiragen ja galibi da farantin milimita 8 zuwa 10 ake ƙera su, kuma inda ya ci fiye da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, yankewa ake yi a sa sabo. A matsa wa layin da ruwa ke tsayawa, ƙarƙashin inji inda ruwa ke kwanciya, da kewayen farfela. Faci da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen ƙarfe yana ɓoye tsatsa ne kawai, tana ci gaba da ci a ƙarƙashi. Faci da yawa a wuri ɗaya a ƙasan jirgi alama ce ya taɓa hawa dutse. Laka busasshiya a cikin bututun wayoyin lantarki ko bayan allunan ɗakin kwana alama ce ya taɓa nutsewa.

Dubi ko an yi masa ƙari bayan ƙira. An fi ɗaga ɗakin matuƙi domin a hango gaban baji, ko a ɗora tankin mai a sama. Duk nauyin da aka kai sama yana rage wa jirgi tsayuwa, kuma jirgin ja yana da hatsarin da ya keɓanta da shi: in igiyar ja ta koma ta gefe, baji mai nauyi yakan kifar da shi cikin daƙiƙoƙi. Saboda haka ƙugiyar ja dole ta kasance mai saki nan take, a gwada ta da nauyi a kai, ba a sake ba. In an yi ƙari ba tare da an sake lissafin daidaiton jirgi ba, wannan kuɗi ne da za ka kashe, a rage shi daga farashi. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya tashi daga jihar Neja ya nufi Warra ya dare a ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta. Jirgin katako ne na fasinja, amma ruwan ɗaya ne da wanda za ka saka naka.

Ƙarfin ja ma a gwada. A ƙiyasi, kowane doki 100 yana ba da tan 1 zuwa 1.3 in an ɗaure jirgi a turke an taka, ya ɗan fi haka in farfela tana cikin zobe. Wanda ya ce maka jirgi mai doki 400 yana jan tan 10 a turke, ya ƙara gishiri.

Sai dacewa da ruwanmu. Jirgin tashar teku yakan nutsa mita 2.5 ko fiye, alhali tafkin Kainji yana ja da baya sosai daga bazara zuwa farkon damina, tsibiran yashi su fito, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 su matso kusa da sama. Wanda nutsewarsa ba ta wuce mita 1 zuwa 1.5 ba shi zai yi maka aiki shekara cur. Kainuwa kuma tana toshe matatar ruwan sanyaya inji, inji ya yi zafi ya ƙone gasket. Jirgin da bututun sanyayawarsa ke manne a ƙasan jiki, ba ya zuƙar ruwan kogi, ya fi kwanciyar hankali a nan.

Biya, haɗin jari da ɗauko shi

Al'adar cinikin jirage ita ce kafin alƙalami kashi 10 cikin ɗari, a ajiye a hannun lauya ko asusun da ɓangarori biyu suka yarda, da sharaɗin a mayar in bincike ya gano matsala. Sauran kuɗin sai ranar miƙawa, ta banki, zuwa asusu mai sunan da ke cikin takarda, ba na dillali ba. La'adarsa daban. Takardar sayarwa ta ƙunshi suna, lambar ƙira, tsawo da faɗi, lambobin inji da giyabos, da furucin mai sayarwa cewa babu bashi ko jingina, in kuma ya ɓullo shi zai ɗauka. A rubuta rana da sa'ar miƙawa, domin daga wannan sa'a duk abin da jirgi ya yi a wuyanka yake. A lissafa kayan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, anga, igiyoyi, batura, famfo, farfelar ajiya, don tsakanin ciniki da ɗauka sukan yi ƙafa.

In ku da yawa ne kuka haɗa kuɗi, ku ari tsarin rajistar Ingila da ke kasa jirgi kashi 64. Yana da sauƙin rabo: mai rabi 32, mai rubu'i 16, mai sumuni 8. Ku rubuta wa zai riƙa gudanarwa, nawa zai kashe ba tare da shawara ba, kashi nawa na riba za a ware don gyara, da yadda za a yi in ɗaya ya rasu ko yana son fita. Shaidu biyu su sa hannu. 'Yan'uwantaka ba ta hana rubutu, ita ma rubutun ke tsare ta.

Kada ka ɗauka za a tuƙo shi ta ruwa har gida. Kainji da Jebba duk an gina su da ƙofar wucewar jirage, amma sai ka ji daga bakin masu kula da madatsun cewa za a buɗe maka kafin ka sa wannan a lissafi. Abin da aka fi yi shi ne a ɗora a babbar tirela mai ƙasa-ƙasa. Jirgi mai tsawon mita 12 zuwa 15 yakan yi faɗin mita 4 ko fiye, ya zarce faɗin tirela, don haka sai da rakiya da tafiyar rana. A auna tsayinsa a kan tirela saboda gadoji da wayoyin lantarki, sau da yawa sai an yanke ɗakin matuƙi an sake waldawa a Yauri. A tanadi kireni a can da nan, wanda ƙarfinsa ya zarce nauyin jirgin da rata mai yawa, domin kireni yana rasa ƙarfi gwargwadon miƙa hannunsa, bakin ruwa kuma ƙasarsa laushi gare ta.

Kafin ya taɓa ruwa, a cire guntayen tutiya da ke manne a ƙasansa don kare tsatsa, a sa na maganiziyam. Tutiya ta ruwan gishiri ce, a ruwan daɗi takan yi ɓawo ta daina aiki. A kai takardu ofishin NIWA a duba jirgin a fitar da izini da sunanka, a sauya suna a kundin NIMASA in yana ciki, a yi inshora, a gabatar da kai wurin Sarkin Ruwa da shugabannin tasha, waɗanda su suka san inda kututture yake da inda yashi ya koma bana. A tanadi rigar ruwa ga kowane ma'aikaci, a kuma kiyaye dokar hana tafiyar dare. Farar takardar nan mai gida biyar a manna ta a shafin farko na sabon littafin jirgi, a ƙara layinka a ƙasa, da awar da agogon inji ke nunawa ranar da aka saka shi a ruwa.